Kwamfutar Mama Dorothy

Ku yaran yanzu, hannunku ya fi kanku sauri. A ce muku ku tsaya, kafin a rufe baki kun danna. Othniel ma haka ya yi, ga shi ɗan boko mai digiri.

Ranar Juma'a da hantsi yana zaune a shagon marigayiya mahaifiyarsa a Gomari, gumi na bin wuyansa, ya zuba wa kwamfutarta ido. Shekara ashirin Mama Dorothy ta yi tana buga wa mutane takardu a nan, tsakanin injin bugawa da injin ɗaukar hoton takarda. Ɗanta kuwa shisshigi yake kiran halinta. Mako guda kafin ambaliya sai da ya daka mata tsawa, wai ta tafi da jakarsa shago ba ta tambaye shi ba. Ya fizge jakar ya tura ƙarƙashin gado.

Ruwan ya ci gidansu na Bulabulin har saman taga. Jakar ta zama dagwalo, da duk takardun makarantarsa a ciki. Shagon ne kawai ya tsira. Wata uku bayan haka Mama ta rasu.

Yanzu wata ƙungiyar agaji ta ɗauke shi aiki, bayan shekara huɗu yana yawo da takalmi. Sun ce ko kwafin takardar digirin ya kawo, haɗe da rantsuwar kotu, amma kada ya wuce Litinin. Makaranta kuma ta ce sabuwa sai bayan wata huɗu.

Sai ya karɓi hoton takardar wani abokinsa, ya zauna yana cire suna yana sa nasa. Sau goma sha ɗaya ya gwada. Kullum hatimin sai ya karkace, ko rubutun ya fi na kusa da shi baƙi. Karatun dai ya yi, ya kuma ci. Amma jabu sunansa jabu.

Yana kan na goma sha biyu waya ta yi ƙara. Yayarsa Hope ce, wadda ke aiki a Jos.

"Auta, kana shago? Mun wuce Benisheik ni da Kawu Ya'akubu. Kada ka motsa, kwamfutar Mama za mu buɗe, don..."

Ya kashe wayar.

Aikin Hope ke nan, kwamfuta. Ya taɓa ganin ta tono hotunan da aka goge shekara guda. Kawu Ya'akubu kuwa dattijon coci ne, wanda ya taɓa tsayar da ɗan cikinsa gaban jama'a ranar Lahadi a kan ƙaryar da ba ta kai wannan ba. Idan suka ga jabun nan, ba aiki kaɗai zai rasa ba, sunan gidansu zai zube.

Ya ruga shagon Umara mai gyaran kwamfuta, ƙofa biyu tsakaninsu.

"Wushe, ɗan Mama," Umara ya gaishe shi da Barbarci. "Lafiya? Wa ya biyo ka?"

"Yaya ake mayar da kwamfuta yadda ta fito daga kamfani? Komai ya tafi, kada a iya tonowa."

Umara ya ajiye sukundirebansa. "Sai ka kwashe kayan ciki tukuna a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Ba a wanke ta da kaya a ciki."

"Minti nawa?"

"Waccan tsohuwar? Awa biyu, in ta ga dama."

"Ba ni da awa biyu."

"To ni hannuna ba zai taɓa ba. Mahaifiyarka ko rasit ɗin fetur ba ta yarwa." Da Othniel ya dage, Umara ya rubuta masa matakan a bayan kwali, ya ɗora filas a kai. "Ka ji na gaya maka."

Othniel ya bar filas ɗin a kan teburin Umara.

Ya koma shago ya tarar an ɗauke wuta, ya tayar da janareta da ɗan man da ya rage. Ma'ajiyoyin Mama suna jere a gabansa: Katin Biki, Waƙoƙin Coci, Zumuntar Mata, da wata mai suna Auta, wadda bai taɓa buɗewa ba don ya tsani sunan. Wayar ta sake ƙara. Ya kife ta.

Kwamfutar ta tambaye shi ko a bar kayan ciki. Ya ce a cire duka. Ta sake tambaya, ko ya tabbata, babu dawowa. Ƙarfe ma ya fi shi hankali. Ya danna.

Lamba ta fara hawa. Goma. Ashirin da uku. Ta tsaya a arba'in kamar ta mutu. Janareta ya yi tari, ya durƙusa yana girgiza tankin yana kiran sunan Allah, shi da ya manta hanyar coci tun jana'iza. Kowane keke ya tsaya a bakin titi sai ya leƙa ƙofa.

Da ta kai ɗari ya zauna a ƙasa. Fuskar kwamfutar ta fito shuɗiya, tas, kamar ba wanda ya taɓa zama a gabanta.

Minti goma bayan haka Hope ta shigo da ƙurar hanya a gyalenta, Kawu na biye. Ba faɗa a fuskarta. Dariya take, tana ɗaga wani ɗan littafi mai bangon ja.

"Jiya na same shi cikin Littafi Mai Tsarkin Mama. Duk abin da ta adana a nan take rubutawa. Auta, matsalarka ta ƙare!" Ta buɗe shafi, ta juya ga kwamfutar, dariyar ta tsaya.

Ranar Litinin wani aka ba aikin. Abin da Othniel ya goge da yatsansa don ya ɓoye jabu, hoton takardunsa ne na gaskiya, duka bakwai, wanda Mama ta ɗauka ranar da ya daka mata tsawa.