Abin da Sista Bepi ta Rubuta

Sista Bepi na zaune da alƙalami, takardar shaidar mutuwa a gabanta. Ita kaɗai ce ma'aikaciyar jinya a ɗan asibitin ƙauyenmu, can cikin tsaunukan Simbu na ƙasar Papuwa Niugini. A ɗakin baya ga gawar Waine, dattijon ƙauyen, yayan marigayi mahaifinta. Kafin ya cika ta gwada shi, abin gwajin ya nuna korona ƙarara.

A bakin ƙofa ƙanensa Kaupa ne tsaye, bakinsa jajawur da goron buai. Bayansa maza kusan talatin, sun shafe fuskokinsu da lakar makoki, kowa da addarsa. Adda a wurinmu ba abin mamaki ba ce, da ita ake zuwa gona. Amma ranar babu mai niyyar gona.

"Me za ki rubuta, 'yata?" in ji Kaupa.

"Abin da na gani, Baffa. Korona."

"Ke da kika shekara goma kina yi masa allurar suga? Ku dai ko mota ce ta take mutum, korona za ku rubuta."

"Sugan ne ya raunana shi, Baffa, amma korona ce ta kashe shi."

"Riƙe iliminki. In kika rubuta haka, a leda za a ƙunshe shi, a binne shi kamar mushen kare. Babban mutum guda, ba zaman makoki, ba yankan aladu, 'yan'uwan da ke biranen Lae da Mosbi ba su taɓa shi ba? Da wane ido za mu kalli sauran dangi?"

Bepi ta leƙa ta taga, ta ga addunan nan. Ta ce wa ranta ai ba ƙarya ce tsagwaronta ba, sugan ma akwai shi. Ta rubuta ciwon suga, ta sa hannu, Kaupa ya ninke takardar ya jefa a jakarsa. A rahoton mako da take aika wa ofishin lafiya, gurbin masu korona ta cike shi da sifili.

Aka yi makoki na gani na faɗa. Kwana goma ana cunkushe a rumfa guda, ana rungumar gawa, ana rungumar juna, ana kuka fuska da fuska. Aka gasa aladu da dankali a rami, kowa ya yaba.

Bayan sati biyu tari ya kama ƙauyen. Matar Waine ce ta fara tafiya, sai fasto, sai wasu ƙarfafan magidanta uku da ko ciwon kai ba su cika yi ba. Dukkansu numfashi ne ya sarƙe musu. Tsoro ya shiga kowane gida, mutum ko ƙwarewa ya yi sai ka ga an dare.

Kayan gwajin Bepi sun ƙare. Ta buga waya ofis tana roƙon wasu, da tukunyar iskar numfashi ko guda.

"Sista, rahotonki sifili ya nuna," in ji jami'in. "Ɗan abin da muke da shi mun tura inda aka kawo adadi."

Mu kuwa mutanen tsauni ba ma barin mutuwa ta wuce haka kawai, sai mun san wanda ya jawo ta. Tunda takarda ta ce ba korona ba ce, me ya rage in ba maita ba? Aka ɗauko mai duba daga wani kwari, ya zagaya ƙauye da gorarsa yana ƙunƙuni. Ni dai ban taɓa ganin gorar irin waɗannan mutane ta nuna gidan mai 'ya'ya maza ba. Ta tsaya a ƙofar Mama Dirua, mahaifiyar Bepi, wadda aka auro daga wani dangi, ba miji, ba ɗa namiji. Aka ce an gan ta ita kaɗai a kabarin Waine. An gan ta kam, furanni ta kai.

Da rana tsaka labari ya iske Bepi. Ta fito a guje ba takalmi, riƙe da abin gwajin Waine da ta ɓoye. Ta tarar an ɗaure tsohuwa a jikin turke, an sa ƙarfe a wuta.

"Baffa, na rantse da Allah korona ce. Ƙarya na rubuta. Ga gwajin."

Kaupa ya zaro takardar ya ɗaga sama. Shi ma tsoro ne fal idonsa, don matarsa na kwance tana haki.

"Wannan sa hannun wane ne?"

"Nawa ne, amma kai ka..."

"Da ake mutuwa a gidajenmu babu korona, yau da aka zo kan uwarki ta samu? Ja baya, 'yar mayya."

Mama Dirua ta ɗago kai da ƙyar. "Bepi, koma asibiti, kar su haɗa da ke."

Kafin 'yan sanda su hawo tsaunin, an riga an gama ta'asar. Tsohuwa ta cika a gadon da Waine ya cika. Bepi ta ɗauko takardar shaidar mutuwa, tunda ba wani mai cikewa sai ita. Ta rubuta suna, ta rubuta shekaru. Da ta zo gurbin dalilin mutuwa sai alƙalamin ya faɗi daga hannunta, domin ta san dalilin yana jakar Kaupa, da sa hannunta a ƙasa.

Mai karatu, ba don mamaci ake rubuta dalilin mutuwa ba, don masu rai ake rubutawa. Kada tsoro ko kunyar dangi su sa mu ɓoye cutar da ta kashe namu, kada kuma mu matsa wa ma'aikacin lafiya ya ɓoye ta. Duk cutar da aka ƙi kiran sunanta, wani marar gata za a ɗora wa laifinta.