Gidan da Hajiya Lantana Ta Je Gani

Tun da aka kafa dokar nan cewa kowane gida sai ya amsa tambayar mai saye da bakinsa, dillancin gidaje ya zama wahala. A lokacin ne kuma Malam Barau ya ga dama ya sayar da keken ɗinkinsa ya shiga harkar. Wata huɗu bai sayar da ko kango ba.

Ranar Talata ya kai Hajiya Lantana wani gida a Hotoro, yana jan ƙafa.

"Hajiya, rufin nan ko ɗigo ba ya yi."

"Yana yi, a ɗakin kudu," in ji bango.

Barau ya share gumi. Hajiya kuwa ta gyara mayafi.

"Kai gida, me ya fitar da masu kai?"

"Rigima ce, ranki ya daɗe. Ta fara ne ranar sunan autansu."

Sai ga Hajiya ta zaro tabarma daga jaka ta shimfiɗa. Har la'asar tana ta "sai kuma me?", bawan Allah yana tsaye, ƙafafunsa sun yi tsami.

Da suka fito ya ce, "To Hajiya, a kira mai gidan?"

"A'a, Malam, ai yana yoyo. Gobe dai ka kai ni na tsohon kansilan nan, mai saki uku."