Kwallin Inna a Cikin Inji

Ina 'yar shekara bakwai a Kazaure, zamanin Turawa, Baba, da yake makanike ne, ya sa wa wata motar gyaɗa sabon kamshaf, wani ƙarfe mai juyawa a cikin inji, wanda ba na kamfaninta ba. Inji ya cije. Direba ya ce a tara samari a tura.

"Haba Malam Sule, abin da ya ƙi lallashi, ƙarfi karya shi zai yi," in ji Baba. "Uwani, ɗauko kwallin Innarki."

Ya shafe ƙarfen da shi, ya mayar, ya murza a hankali. Da ya zaro, ga wuri ɗaya ya goge fes, inda yake cijewa ke nan. Nan ya bi da magagari, la'asar mota ta tashi.

Inna ta yini tana faɗa. Har yau in na buɗe tandun kwalli, warin baƙin mai nake ji.