Fim ɗin Aljana a Zauren Baba

Tun bayan la'asar Safiyatu take zaune a zaure, don yau Baba ya ce ta faɗa wa Sama'ilu: ko dai ya aiko manyansa kafin girbin gero, ko ya daina zuwa. Shi kuwa gogan, namiji har da gemu, da ya iso ya zauna kan tabarma, ko gaisuwa bai gama ba ya zaro waya.

"Kin tuna fim ɗin aljanar nan? Sun yi sabo, asalinta suka nuna, tun tana mutum. Wallahi bai kai na farko ban tsoro ba. Mace ce kawai zaune a kango tana jiran wani, har ta gundure ni."

Ta dube shi, ta sunkuyar da kai. "Sama'ilu, Baba ya ce..."

"Af, ban faɗa miki ba. Na samu aiki a kasuwar Dawanau, can birni. Jibi zan tafi, sai dai a gan ni da salla in da hali." Ya ci gaba da latse-latsensa. "In sa miki a wayarki? Zai ɗebe miki kewa."

Ɗebe kewa! Da fim ɗin aljanu, a ɗakin da take kwana ita kaɗai tun da aka aurar da ƙannenta.

"Tashi," ta ce a hankali. "Tabarmar nake so."

Ya miƙe yana dariya, ya tsaya a ƙofa yana jiran rakiya. Ta shige gida abinta. Baba na alwala, ya ɗago kai.

"Ba zai aiko ba, Baba."