Lambar Shasin Motar Baba

Karo na biyu ke nan famfon man da aka kawo ya ƙi zama a jikin motar. Makanikin, Usta Girgis, ya ajiye shi a kan benci, ya goge hannu, ya dubi Midhat ta saman tabarau.

"Ka ce 'yar tamanin da takwas ce?"

"Ina da shekara sha shida Baba ya fito da ita daga shago, sabuwa fil. Ni na fara zama a gaba."

Tsohon makanikin bai yi masa musu ba. Ya kankare dattin da ya rufe lambar shasi, ya kwafe ta a bayan kwalin sigari, ya ɗauko wani littafi da ya sha maiƙo.

"Lambobin ƙarshen nan su ke faɗin mota ta nawa ce a layi da aka ƙera a kamfani. Motocin shekarar da ka ambata a nan suka ƙare." Ya buɗe shafi biyu gaba. "Taka ga ta nan, casa'in da ɗaya. Ranar da mahaifinka ya sayi mota, wannan ko ƙarfenta ba a narka ba."

Midhat ya yi dariya, ya ce a sake dubawa. Aka sake har sau uku.

Yana aiki a Kuwait lokacin da yayansa Ra'afat ya bugo waya ya ce zuciyar Baba ta tsaya. Kafin ya samu jirgi an yi jana'iza. Da ya dawo garinsu Mansura gaba ɗaya bayan wata biyar, Ra'afat ya miƙa masa makullin farar Fijo, an yi mata sabon fenti, an sake rigar kujeru, takardu da sabuwar lamba duk da sunansa. "Kai ka fi sonta," kawai ya ce. A shekarar ne ma Ra'afat ya ɗage aurensa, kowa ya ce makoki ne.

Shekara ashirin da biyu Midhat yana wanke ta da hannunsa kowace Juma'a. A cikinta ya ɗauko amaryarsa, a cikinta ya kawo 'yarsa ta fari daga asibiti. Idan duniya ta yi masa zafi, sai ya shiga ya rufe ƙofa, ya dafa sitiyari a inda yake jin hannun Baba ya saba kamawa. Ya sha roƙon Mama ta zo ya zaga da ita bakin kogi, kullum sai ta ce gwiwoyinta ba sa jure gajeriyar kujera.

Ashe sitiyarin wani baƙo yake ta shafawa.

Kwana uku yana juya maganar a ransa, kuma duk ta inda ya biyo sai ya ƙare a kan mutum ɗaya. Motar Baba lafiyayya ce, ba ta sha hanya ba, masu sonta da yawa. Ra'afat ne ya yi komai shi kaɗai: wankan gawa, takardu, rabon kaya. Lallai ya sayar da ita, ya samo wata mai araha ya shafe ta da fenti.

Ranar Juma'a suka haɗu a gidan Mama kamar yadda suka saba. Tana zuba miyar lalo a kan shinkafa Midhat ya ajiye kwalin sigarin a gaban yayansa.

"Yaya, ina motar Baba?"

"Ba ga ta can a ƙofa ba?"

"Ta ƙofa ta ƙarya ce. Wa ka sayar wa ta gaskiyar?"

Ra'afat ya dubi lambar, ya ture farantinsa gefe. "Ci abincinka, Midhat. Mu yi maganar a waje."

"A nan za mu yi ta, a gaban Mama! Ka mayar da ni wawa shekara ashirin da biyu, kana kallona ina goge motar wani ina hawaye. Ko ka taɓa jin kunya sau ɗaya?"

"Na ji. Na sayar. Shi ke nan?" in ji Ra'afat. "Zage ni son ranka, amma ka rage murya."

Midhat ya miƙe har kujerarsa ta kife. Ya ce daga yau ba shi da ɗan'uwa, kuma ko gawarsa kada Ra'afat ya bi.

"Zauna."

Mama ce. Ta ajiye ludayin a hankali. Ra'afat ya ce, "Mama, don Allah kada ki..." amma ba ta dube shi ba.

"Ƙyale yayanka. Bai sayar da komai ba. Kuɗin aurensa ya kwashe, ya yi wata huɗu yana yawon garuruwa har ya samo mai kama da ita, don ni na roƙe shi kada ka sani. Motar babanka tana ƙasan kogi. Ba ciwon zuciya ya kashe shi ba, ɗana. Tuƙi yake koya mini ran nan, na taka totur a maimakon birki, kuma ni kaɗai masunta suka iya cirowa da rai."