Hoton Ɗan Takara a Ƙofar Coci

Da aka ce mijinta ya faɗi zaɓen magajin gari, ta kasa haɗa ido da shi. Ita ce ta sa ya sallami tsohuwar da ta ƙware a yaƙin neman zaɓe, ya ɗauki ƙanen ita matar tasa wanda ya girma a Jamus.

"Yaya, zamani ya wuce ta," in ji ƙanen a lokacin. "Hoto baƙi da fari mai baƙin layi a gefe, shi ake yayi. Ba sai mijinki ya wahala zuwa ƙauye ba."

Tsohuwar ta ɗauki jakarta. "'Yata, kafin a liƙa takarda, a tambaya bangon na waye."

Ranar zaɓe, ƙauyukan kan dutse da suka fi ƙaunarsa ba su fito ba.

Washegari matar ɗan takarar ta hau mota ta je cire hotunan. Ta sami na farko a jikin bishiyar ƙofar coci, inda ake liƙa sanarwar mutuwa, an kunna masa kyandir a ƙasa. Wata dattijuwa ta rungume ta.

"Sannu da haƙuri, 'yata. Da yana raye, ai shi za mu zaɓa."