Gero Mai Toka

Shekara biyu ke nan ana fari lokacin da aka sa bikin ƙanwar Inna a Ɗanbatta. A ƙasa muka tafi daga ƙauyenmu, ni da Inna, tana ɗauke da ƙwaryar gero rufe da faifai, gudummawarta ta biki.

Da la'asar muka zauna hutawa a gindin wata tsamiya. Tun safe ban sa komai a cikina ba, sai na faki idonta na ɗebi geron na watsa a baki. Ɗanɗanon toka na ji. A gidanmu kuwa irin shuka kaɗai ake cuɗawa da toka, don kada ƙwari su ci shi.

Na ce, "Inna, ai iri ne. Me za mu shuka?"

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta gyara faifan, ta dubi sama, ta ce, "Ba zan shiga bikin ƙanwata hannu rabbana ba. Ruwan ma, wa ya ce miki zai zo?"

Yanzu na wuce shekarunta na lokacin, amma har yau na kasa cewa ta yi kuskure. A daminar nan ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Gonarmu ciyawa ta yi.